Sayen Jif Ta Hannu Don Aiki Da Hanyar Ƙauye: Tambayoyi Da Amsoshi

A ƙasar nan duk motar da ta ɗan ɗaga sama jif ce, ko da kamfanin Jeep bai san da zamanta ba. Sunan nan guda ya haɗe motocin da ba abin da ya gama su sai tsayi, kuma daga nan ruɗanin mai saye yake farawa. Tambayoyin da ke ƙasa na mutumin da ke neman mota ɗaya ne tak: ta kai shi aiki, ta sauke yara a makaranta, ranar Asabar ta shiga gona ko ta je gida ƙauye ta dawo lafiya. Mai shirin ratsa sahara zuwa Agadas lissafinsa daban.

Malam, ina aiki a cikin gari, amma ina da gona a bayan gari. Wace jif ce ta dace da ni?

Kafin sunan mota, ƙirga kwanaki. A wata guda, sau nawa tayarka take sauka daga kwalta? In sau huɗu ne ko biyar, to sauran kwana ashirin da biyar motar a cunkoson gari za ta yi su, tana shan mai tana tsaye. Mutane da yawa suna sayen mota don waɗancan kwanaki huɗun, su yi ta biyan kuɗinsu a sauran watan.

Sannan ka dubi hanyar kanta. Hanyar burji mai ramuka da gargada ba ta neman komai sai tsayi da taya mai kyau. Hanyar da ke bi ta fadama, ko ta ratsa rafi mai yashi, ko wadda taraktoci da manyan motoci suka haƙe tsakiyarta ya yi tozo a watan Agusta, ita ce ke neman mota mai jan ƙafa huɗu na gaske. A ganina cikin mutum goma da ke yin wannan tambaya, mafi yawansu RAV4 ko CR-V ta ishe su, Prado ce dai take ba su sha'awa.

Mene ne bambancin RAV4 da Prado, ba duka ƙafa huɗu suke ja ba?

Ginin ba ɗaya ba ne. RAV4 da CR-V da Highlander an gina su ne kamar ƙaramar mota, bodi da ƙashi a haɗe. Yawanci tayoyin gaba ne ke ja, sai sun fara santsi na'ura ta tura ƙarfi baya da kanta. Tsayinsu daga ƙasa wajen santimita 19 zuwa 20 ne, alhali ƙaramar mota irin Corolla ba ta cika wuce 15 ba. Wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin wucewa lafiya da fasa tukunyar baƙin mai.

Prado, 4Runner, Hilux, Xterra da Jimny kuwa suna da shasi na ƙarfe mai kama da tsani, bodin a kansa aka ɗora. Ban da haka suna da ƙaramar giya ta biyu, wadda direbobi ke kira agzilari. A jikinta za ka ga 4H da 4L, ko H da L. Ita 4L rage gudu take yi ta ninka ƙarfin ja, motar ta riƙa rarrafe kamar tarakta. Ita ce ke fitar da mota daga taɓo ko ta hau gangare da kaya ba tare da an ƙona kuloci ba. RAV4 da CR-V ba su da ita, kuma ba bakaniken da zai ƙara musu.

Shin duk 4Runner ko Xterra tana jan ƙafa huɗu?

A'a, kuma nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. A Amurka an sayar da 4Runner da Xterra da Pathfinder masu yawa waɗanda tayoyin baya kaɗai suke ja, musamman a jihohin kudu da ba sa fama da ƙanƙara. Haka RAV4 da CR-V, akwai masu jan gaba kawai. Daga waje kamarsu ɗaya, kuma tambarin 4WD da ke manne a bayan mota ana sayar da shi a kasuwa. Ka durƙusa ka leƙa. A 4Runner da Xterra, sai ka ga farfela ta biyu ta nufi gaba, da sanduna sun shiga tayoyin gaba. A RAV4 da CR-V, sai ka ga doguwar farfela ta tafi baya. Wata motar ma da ita aka ƙera ta, amma da ta fara ƙara aka cire aka ajiye, aka ci gaba da tafiya a haka.

Cikin masu sauƙin kuɗi, waɗanne za ka ba da shawara, kuma ina laifin kowace?

Kowace tana da inda take ciwo, kuma sanin wurin ya fi sanin sunanta amfani.

RAV4 ta 2006 zuwa 2012 ita ce zaɓin da ba ya ba da kunya ga yawancin mutane. Sai dai injin 2.4 na 2006 zuwa 2008 ya yi suna wajen shan baƙin mai, saboda matsalar ringi. Daga 2009 aka sauya zuwa 2.5, wanda ya fi kwanciyar hankali. Wadda ta gabace ta, musamman 2001 zuwa 2003 mai giyar otomatik, tana da matsalar ƙwaƙwalwar mota da ke sa giya ta riƙa bugawa, in aka ƙyale ta kashe giyabos ɗin gaba ɗaya.

CR-V ta 2002 zuwa 2006 injinta mai juriya ne, cikinta da faɗi. Kwamfuresar esi ce rauninta, kuma aksul ɗin baya yana son mansa na Honda, ba kowane man giya ba. In ka ji tana gurnani a baya lokacin da ka karya kwana a hankali, yawanci man ne ya tsufa.

Xterra ta 2005 zuwa 2015 ita ce hanya mafi araha ta samun shasi da 4L da inji mai ƙarfi, 4.0 mai silinda shida. Arahar tana da dalili. Tana shan mai, kuma masu otomatik na 2005 zuwa 2010 lagiretonsu kan fashe ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya. Pathfinder da Frontier na waɗannan shekarun ma haka, har kamfanin ya tsawaita garantin lagireton a Amurka. Buɗe murfin lagireto inji na sanyi. In ka ga abu mai kauri kamar kunun gyaɗa, ka yi sallama da mai motar.

4Runner ta 2003 zuwa 2009 da Prado ta 2002 zuwa 2009 'yan gida ɗaya ne, shasinsu kusan guda. Su ne na ƙwarai, shi ya sa ko sun tsufa farashinsu ba ya faɗuwa. Prado mai injin 2.7 ba ta da kuzari a kan titi, amma kowane bakanike ya san ta. Lexus GX470 ita ma Prado ce da ta sa babbar riga: inji V8, wato mai silinda takwas, 4.7, ga bel ɗin taimin da ake sauyawa wajen kowace kilomita 145,000, ga balan-balan na iska a ƙafar baya da kan sace.

Pajero mota ce ta gaske, sau 12 tana cin tseren Dakar, kuma tsarinta na Super Select yana ba ka damar tafiya da ƙafa huɗu ko a kan kwalta. Ka dai guji injin fetur mai rubutun GDI, ba ya jituwa da man da ba shi da tsabta. Jimny kuwa, 1.3 ce 'yar ƙarama, ta fi manyan iya shiga lungu da yashi, amma mutum huɗu da buhu biyu sun cika ta.

Ba ka ambaci Hilux ba.

Don tambayar ta ce mai sauƙin kuɗi. Hilux ta 2005 zuwa 2015 ba ta da na biyu in aikinka ɗaukar taki da amfanin gona ne, amma kowa yana son ta: 'yan kwangila, hukumomi, ƙungiyoyin agaji, har da waɗanda ba ka so su so ta. Kuɗin tsohuwar Hilux da ta sha wuya yakan sayi RAV4 mai tsabta ya bar canji. Kuma in bayanta ba kaya, tsalle take yi da mutum a hanyar burji, iyali ba za su gode maka ba. Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa a wurin ciniki ba: a wasu hanyoyinmu na yanzu, motar da ba ta jan ido ita ma wani nau'in tsaro ce.

Beljiyam zan saya ko wadda aka yi amfani da ita a gida?

Da can amsar a bayyane take. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuɗin shigo da mota ya yi tashin gwauron zabi, mutane da yawa suka koma kan ta gida. Ba laifi a hakan. Motar da mutum ɗaya ya riƙe shekara shida, ka san gidansa, ka san garejin da yake kai ta, ta fi Beljiyam ɗin da ba ka san tarihinta ba.

Ita Beljiyam suna ne kawai, yawancin jif ɗin da ke shigowa yanzu daga Amurka da Kanada suke, kuma da yawa daga gwanjon motocin inshora irin Copart da IAA aka saye su, bayan haɗari ko ambaliya. Kowace tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Sa lambar a intanet, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin fanel bita ya taɓa ta. Rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motocin Amurka da Kanada, kuma zai nuna maka tafiyar da ta yi. Ka tuna mitar motar Amurka da mil take ƙirga: mil 150,000 kilomita 240,000 ne.

Me zan fi dubawa ranar da na je ganin motar?

Ƙarƙashinta. Fenti da kujeru dillali ya riga ya gyara maka su. Ka kai ta inda akwai rami ko abin ɗaga mota, ka shiga da tocila da ɗan guduma. Motocin da suka fito daga wuraren da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, irin su Michigan da New York da Ontario, shasinsu kan ruɓe daga ciki. Tsatsa ta sama-sama ba komai ba ce. Wadda ke ɓarewa kamar ɓawon itace, ko guduma ta huda, ba ta da magani. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota tambaya ce da ke neman amsa.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Wani dillali ya kawo mini jif da yamma, tana ƙyalli, inji kamar agogo. Ya ce, “Alhaji, wallahi akwai wanda zai zo da kuɗi bayan magariba.” Na ba da kafin alƙalami ba tare da na leƙa ƙasa ba. Bayan wata biyu, a hanyar gona, mazaunin shokozoba na baya ya rabu da shasi. Mai walda da ya duba ya ce ba inda zai kama, ƙarfen ya zama garin kwaki. Har yau ban ga mutumin bayan magaribar ba.

Bayan shasi, ka nemi a tayar da injin a gabanka yana sanyi, da safe. In ka iso ka tarar an riga an ɗumama shi, ka dawo gobe. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji, ta birkin ABS da ta jakar iska dole su kama, su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, cire ta aka yi ko aka toshe. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarafan da kujera ke gudu a kai: laka ko tsatsa a nan alamar motar ta kwana a ruwa ce. Ka tambayi indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, don ana yanke ta a sayar. Sannan ka biya mai na'urar sikanin ya karanta maka ƙwaƙwalwar motar. Bakaniken da zai raka ka ya zama naka, kai ka biya shi, ba wanda ke jiran la'ada daga ɓangaren mai sayarwa ba.

Yaya zan gwada agzilarin?

A kan ƙasa, ba a kan kwalta ba. Nemi fili mai yashi ko burji. Sa 4H ka ga fitilarta ta kama ta tsaya, ba ta yi ta ƙiftawa ba. Sannan ka tsaya cak, ka sa giya a N, ka shiga 4L. In ta shiga, motar za ta yi nauyin tafiya, inji na ƙara amma gudu kaɗan. Ka fitar, ka sake shiga. Motar da ta yi shekaru a Abuja ba a taɓa sa mata ba, ƙaramin motan da ke tura giyar kan daskare, kuma ba shi da araha.

In ta zama taka, ka riƙa sa shi ko sau ɗaya a wata don kada ya kwanta. A Hilux, Xterra da Jimny kada ka yi tafiya da 4H a busasshiyar kwalta, saboda gaba da baya a kulle suke, in ka yi kwana ƙarfe ne ke murɗe ƙarfe. Prado da GX470 su kullum a ƙafa huɗu suke, an yi su don haka.

Fetur ko gas?

Ga mai zirga-zirgar gari, fetur. Tsofaffin injinan gas irin 5L na Hilux da 1HZ na Land Cruiser ba ruwansu, kusan duk abin da ka zuba za su ƙona. Na zamani irin D-4D kuwa nozul ɗinsu ba ya haƙuri da gurɓataccen mai, kuma kuɗin saiti ɗaya ya isa ya ɓata maka shekara. In ba kaya masu nauyi kake ja a doguwar hanya ba, ribar ba ta kai kasadar ba.

Shan man fa, da gaske bambancin yana da yawa?

Yi lissafin da kanka. A ce kana yin kilomita 40 a rana, kwana 26 a wata, kilomita 1,040 ke nan. Motar da ke shan lita 11 a kowace kilomita 100, kamar yadda ƙaramar jif mai silinda huɗu kan yi a gari, za ta sha wajen lita 114. Mai silinda shida da ke shan 15 za ta sha 156. Lita 42 ke tsakani duk wata, sama da 500 a shekara. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka cire tallafin mai, ana iya ɗaga kafaɗa a wuce. Yanzu ka ninka da farashin gidan man unguwarku ka gani. Shi ya sa manyan V8 suka yi araha a kasuwa: masu su ne ke gudu.

To in na mayar da ita mai amfani da CNG, wato iskar gas ta tukunya?

Yana rage kashe kuɗi in kana garin da ke da wurin cikawa. Amma tukunyar tana da nauyi, tana cinye but, kuma in aka rataye ta a ƙasa ta rage tsayin da ka sayi motar dominsa. A ƙauye fetur za ka koma.

Ranka ya daɗe, ni mace ce, ina aikin duba asibitocin karkara. An ce jif ta fi ƙarfina.

Hajiya, wanda ya faɗa miki haka bai tuƙa ta ba. Sitiyarin RAV4 bai fi na Corolla nauyi ba, kuma zaman sama yana sa ki hango rami tun da nisa. Abin da zan ce ki kula da shi shi ne safaya taya da jak: ki gwada kwance taya a gida sau ɗaya, ki sa dogon bututun ƙarfe a mota don ƙara wa sifana tsawo, saboda masu faci suna ɗaure noti kamar ba za a sake kwancewa ba. Otomatik ta fi sauƙi a yashi ma, ba ta yanke ja lokacin sauya giya.

Wace taya zan sa?

Taya ta fi agzilari fitar da mutum kunya. Mai rubutun A/T ita ce tsaka-tsaki, tana kama burji ba ta damun ka a kwalta. Mai manyan haƙora, M/T, ƙara ce da ƙarin shan mai, sai mai shiga taɓo kullum. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar Beljiyam da ta haura shekara shida, ko zanenta na nan, zafin watan Afrilu a hanyar Kano zuwa Maiduguri zai nuna mata iyakarta. A motar da ke jan ƙafa huɗu, tayoyin su zama girma ɗaya, cinyewa kusan ɗaya.

In za ka ratsa yashi mai zurfi, rage iska zuwa wajen PSI 18 ko 20 a ma'aunin iskar taya, tayar ta baje. Da ka hau kwalta ka mayar, don haka ɗan famfon da ake haɗawa da batir ya cancanci kuɗinsa. Ruwa kuwa, in ba ka ga wata mota ta wuce ba, ka sauka ka auna da sanda. Injin da ya shaƙi ruwa nan take yake bugawa.

Takardu fa?

Lambar shasin da ke jikin mota ta yi daidai da ta takardun kwastan, harafi da harafi, kuma ka je ofishin kwastan a tabbatar an biya duti. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da aka ce ta biyo ta Kwatano tana bukatar ƙarin bincike. In ta gida ce, ka ga mai ita ido da ido, sunansa ya dace da na takarda, a rubuta yarjejeniya da shaidu, ka kuma bincika rajistar motoci ta 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton sace ta. Inshorar dole ta ƙaramar mota naira 15,000 ce tun Janairun 2023. Ka guji motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma juyin da ake yi a gareji yana taɓa birki da sitiyari da waya. Sau da yawa sandar sigina a dama da yadda waifa ke kwanciya su ke tona asiri.

Nawa zan ware bayan na biya kuɗin motar?

Kada ka kashe duk abin da ke hannunka a ranar ciniki. Ni kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari nake cewa a riƙe. A makon farko za ka juye baƙin mai, man giya, man aksul na gaba da na baya da na agzilari, ka sauya matatar iska, ka duba bushin da bol joyin da shokozoba. In injin mai bel ɗin taimin ne kuma ba shaidar ranar da aka sauya, ka sauya. Lagireto a zuba masa ruwansa mai launi, ba ruwan leda ba, kuma in bakanike ya ce zai cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye “saboda zafin ƙasarmu”, ka ce masa a'a, a nemo abin da ke sa ta zafi.

Kafin ma ka biya, ɗauki sunan motar da shekararta ka shiga Ƙofar Ruwa in kana Kano, Panteka in kana Kaduna, ko Apo in kana Abuja. Tambayi kuɗin abu huɗu: giyabos, shokozoba, fitilar gaba da famfon mai. In shago uku a jere suka ce sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas, ka lissafa kwanakin da motar za ta riƙa yi a gareji kana hawa Keke Napep zuwa aiki.